Furen Rekiya a Lambun Albasa

Duk wanda ya taɓa bin lungun da ke bayan tashar jirgin ƙasa a Ƙaura Namoda lokacin sanyi, zai tuna wani gida mai gajeriyar katanga, inda furanni masu ruwan ƙwai da ruwan lemo ke leƙowa ta sama kamar yara 'yan kallon biki. Gidan Mudi ma'aunin hatsi ne, amma ba mai kiransa haka. Gidan Rekiya mai fure ake cewa, Mudi kuwa ya daɗe da haƙura.

Rekiya 'yar Dauran ce ta ƙasar Zurmi, gajeriya, baƙa, mai wushirya. Idan tana ƙulla wata tsiya, fuskarta sai ta yi lumui kamar ta mai lazimi, shi ya sa mutanen gidansu suka fi tsoron shirunta a kan surutunta. Tana ƙarama ta taɓa samun gwaggonninta biyu suna barcin rana a tabarma ɗaya, ta ɗauko allura ta ɗinke bakin zannuwansu wuri guda, ta koma bakin ƙofa ta ƙwala ihun kunama. Babanta ya ɗauko tsumagiya da niyyar gaske, amma da ya ga yadda 'yan'uwansa ke jan juna, ɗaya gabas ɗaya yamma, dariya ta kwance masa hannu.

Mudi ya gan ta ne da ya je Dauran sayen gero. Mutum ne mai sanyi, kalma ɗaya sai ya tauna ta kafin ya furta. Rekiya na sayar da fura a lokacin, ta ga baƙo ya tsaya yana kallonta ba ya ko ƙiftawa, sai ta dama masa fura ta zabga yaji har nonon ya sauya launi. Ya shanye tas, hawaye na zuba, ya ce Allah ya yi albarka. Kasuwa ta zagayo ya sake dawowa ya miƙo ƙwarya. Ranar ta gaya wa innarta cewa mutumin da ya iya shanye wannan furar ya dawo neman ƙari, zai iya zama da ita.

Mudi na da ƙane a Zurmi, Dalhatu, mai lambu a bakin gulbi. Tsakanin mace da ƙanen mijinta dama wasa ne, to amma waɗannan biyun sun ɗauki abin kamar sana'a. Tun ranar da aka kawo ta ya leƙo ɗaki gaisuwa, ta toshe hanci ta raɗa masa Sarkin Albasa, sunan ya bi shi har kasuwa. Shi kuma bai taɓa kiranta da komai ba sai Ta-Dauran, yana ja wa kalmar wutsiya kamar sunan wata cuta. Dalhatu manomi ne na ƙwarai, ba a ƙwace masa wannan. Taƙamarsa ita ce babu tsiro ɗaya a lambunsa da ba ya shiga tukunya.

Furen ya shigo rayuwar Rekiya ne a kasuwar Shinkafi, wata Alhamis da ta raka ƙanwar Mudi sayen kayan ɗaki. Ta tsaya wajen wani tsoho mutumin Maraɗi mai sayar da irin kayan lambu, ta sayi irin salak, ta nemi gyara. Tsohon ya ƙunsa mata wani abu a takarda. Ta yi nisa kafin ta buɗe, sai ta ga wasu abubuwa busassu, lanƙwasassu, masu ƙaya-ƙaya a gadon baya, sak matattun tsutsotsi. Ta juyo a fusace, don ita ce ta saba yi wa mutane irin wannan.

"Baba, tsutsa kab ba ni gyara?"

Tsohon ya yi dariya. "Ɗiyata, iri na. Can wajenmu susi muka ce mai. Ki bari ruwa su ɗauke, sanyi ya sauka, sannan ki shuka. Ba shi son zahi."

"Ana cinai?"

"Ana kallonai. In kin so ki ci, ba shi kashe ki."

Ta yi yadda ya ce. Ta tara fasassun tukwane da tsofaffin kwanoni da wani bokiti da gindinsa ya ɓule, ta cika su da ƙasa da kashin awaki, ta jera su inda ruwan alwala ke gangarawa. Tsiro ya fito da dogayen ganyaye masu laushi, masu ɗan danƙo a hannu da wani ƙamshi mai kaifi. Da sanyi ya kankama sai furanni suka buɗe, kowanne kamar ƙaramar rana. Da hantsi su baje, da yamma su tsuke. Ta lura kuma in ta tsinke guda, biyu ke fitowa a madadinsa, abin da ya ƙara mata son su ke nan, don ta ce halinsu ɗaya da ita. Daga baya ne ta ji 'yan boko na kiran furen kalandula, ta ce wannan suna ya fi ƙarfin bakinta. Unguwa dai furen Rekiya ta sani.

Mudi ya dube su ya ce da alayyafo ta shuka da ya fi. Ta riƙa tsinkar ganyen furen tana watsawa a shinkafa, shinkafar ta fito rawaya shar. Mudi ya yi ta santi yana gaya wa abokansa a kasuwa cewa matarsa ba ta rowar man shanu. Sai da sanyi ya kusa fita ta nuna masa man shanun nasa a cikin tukunya, ya tsaya ya dube ta, ya dubi kwanon, ya ci gaba da cin abincinsa.

Da zafi ya matso, ta bar wasu furannin suka bushe a jikin uwarsu, ta murje kawunan a faifai, tsutsotsin nan suka zubo. Ta shanya su a inuwa, ta zuba a wata gora ta toshe da tsumma, ta rataye a rufin madafa. Haka ta riƙa yi kowace shekara.

Dalhatu ne ya jawo wa kansa. Ya zo gaisuwar Sallah, ya tarar da tsakar gida ta yi ja da rawaya, ya riƙe ƙugu ya ce, "Ta-Dauran, wanga wahala hwa? Mutane na ban ruwa su ci, ke kina ban ruwa ki kalla. Ni ko mahaukaci niz zama, ba a ganin wagga ciyawa lambuna."

Rekiya ta yi lumui da fuska. "Gaskiyarka, Sarkin Albasa."

Da kaka ta wuce, sai ga buhunan kashin awaki an sauke wa Dalhatu a Zurmi, wai gudummawa daga matar yayansa. Ya yi mamakin wannan kirki, amma ba manomin da ke mayar da taki. Ya baza a fangalin albasa, ya ba da ruwa. Abin da bai sani ba, Rekiya ta zauna ta cuɗa irin furen nan a cikin kowane buhu, kuma wanda bai san shi ba ba zai taɓa bambanta shi da dattin garke ba.

Albasa ta tashi, wata baƙuwar ciyawa ta tashi tare da ita. Ya cire, ta sake fitowa. Wadda ta ɓuya a tsakanin ganyen albasa ba ta tashi bayyana kanta ba sai da ta yi fure. Maƙwabtan lambu suka riƙa tsayawa a kan kunya suna tambayarsa ko gwamna ne zai kawo ziyara. Dalhatu ya gane furen sarai, abin da ya kasa ganewa shi ne hanyar da ya biyo daga Ƙaura har Zurmi. Ya zargi tsuntsaye. Ya zargi iska. Ya yi faɗa da mai sayar masa da irin albasa, ya sauya wani. Shekara ta zagayo, taki ya sake zuwa, ya aika da godiya har da kwandon tumatir, fure ya sake cika lambu. Duk zuwan da zai yi Ƙaura sai Rekiya ta tare shi da tausayi, ta ce ta ji labarin jarrabawar da ta same shi, Allah ya yaye.

Asiri ya tonu ne wata shekara da ya shigo gidan ba zato, ya tarar ta juye gorar a faifai tana tsince ƙwari. Ya kalli abin ya wuce, bai kawo komai a ransa ba. Da ya koma Zurmi ya kwance bakin buhun takin da ya iso, ya ɗebo da hannu, sai ga 'yar tsutsar nan kwance a tafinsa. Ya sake ɗebowa, ga wasu. Masu lambun kusa sun ce sun ji ya yi wata ƙara, suka sheƙo a guje suna zaton maciji ne.

Ya sa rariya ya tankaɗe takin nan kaf, ya watsa abin da ya tsinta a wuta. Sannan ya jira ranar da ya tabbata Rekiya ta tafi wani suna, ya hau mota sai Ƙaura. Ya sami Mudi a zaure yana gyaran bakin buhu, ya gaishe shi ya wuce madafa. Ya sauko da gorar, ya ɗora kasko a kan 'yar wuta, ya juye irin ya riƙa motsawa a hankali, daidai yadda zai mutu ba tare da launinsa ya sauya ba. Ya bari ya huce, ya mayar, ya toshe, ya rataye.

Da zai fita Mudi ya ce, ba tare da ya ɗago kai ba, "Ni ban ga komi ba. Amma in ta tambaye ni, kai na."

Sanyi ya sauka, Rekiya ta shuka kamar kullum. Ta yi ban ruwa ta jira, ƙasa ta yi shiru. Ta ce ko kaji ne suka tone, ta kife kwando a kai. Ta ce ko ƙasar ce ta gaji, ta zubar ta sake sabuwa, ta shuka ragowar. Ba ko ɗigon kore. Wata safiya ta karkaɗe gorar, ƙwaya ɗaya ta faɗo, ta jefa a baki ta tauna. Ƙamshi irin na soyayyen riɗi ya cika mata baki.

Ta fito zaure. "Malam, wa yash shiga madahwata?"

"Dalhatu," in ji Mudi, tun kafin ta rufe baki.

Ya yi zaton za a yi ruwan masifa, har ya fara neman takalmansa. Sai kawai ta juya ta koma ciki. Ta bi gidajen da ta saba ba su fure, ko wani ya ajiye iri, kowa ya ce ai ganin tana da shi ya sa bai damu ba. Ta aika Shinkafi a nemo tsohon nan na Maraɗi, aka ce an daɗe ba a gan shi ba. Daga nan ta kife tukwanen a jikin katanga. Tana dafa abinci, tana shara, tana amsa gaisuwa, amma gidan ya zama kamar an yi rasuwa. Ba wanda aka ɓoye wa hula, ba wanda aka sa wa gishiri a shayi. Mudi da ya yi shekaru yana roƙon Allah ya ba shi zaman lafiya, da ya same shi sai abinci ya daina wuce masa.

Ya shirya ya tafi Zurmi, ya sami ƙanensa a lambu. Dalhatu ya taho da dariyarsa yana jiran labarin yadda Ta-Dauran ta yi tsalle.

"Ba ta yi tsalle ba," in ji Mudi. "Ba ta yi komi ba. Ka kashe man gida, Dalhatu. Wasa daban, wanga daban."

Dariyar Dalhatu ta ɗauke. Sai a lokacin ya tuna ita shuka ta yi masa, shi kuwa kisa ya yi mata. Ya ajiye fartanya ya durƙusa, ya shiga bin fangali da rarrafe yana buɗa ganyen albasa, yana neman ciyawar da ya yi shekaru yana tsinewa. Aikinsa ya yi kyau da yawa, ko ɗaya bai bari ba. Sai can gindin wata bishiyar mangwaro, inda ya jingine buhunan kafin ya tankaɗe, ya tarar da 'yan tsirarun tsiro sun fito a bakin magudanar ruwa. Ya murza ganye ɗaya ya shinshina. Su ne.

Ya aika a gaya wa Rekiya zai cire su ya kawo. Amsa ta dawo ta bakin wani direban mota: kada ya kuskura ya taɓa saiwarsu. Shi ya kashe, shi zai rena, a lambunsa, har su yi iri.

Haka Sarkin Albasa ya zama mai renon fure. Ya kewaye su da ƙaya saboda awaki, ya riƙa ba su ruwa kafin albasa. Maƙwabta suka sami abin yi, duk wanda zai wuce sai ya tambaye shi ya jikin yaran. Rekiya kuwa ta warke sarai. Takan sa Mudi ya kawo ta duba aiki, ta shimfiɗa tabarma a inuwar mangwaro, ta sa a kawo mata rake, ta riƙa ba da umarni da tsinin ƙafa.

"Ruwan ga sun yi yawa, ba shinkahwa ta ba. Waccan ta yi yaushi, tsinke ta, wasu su samu hitowa. A'a, ba wagga ba, makaho!"

Da furanni suka fara zubar da ganye, ya yi sauri ya tsinko kawunan ya kai mata Ƙaura, don ya huta. Ta latsa ɗaya da farce, ruwa ya fito. Ta ce ɗanye ne, ya koma ya jira sai kan ya bushe ya yi ruwan ƙasa a jikin uwarsa, har in an taɓa shi yana ƙaras-ƙaras. Ya koma ya jira. Ya tsinko busassu da sassafe, raɓa na jikinsu, ya ƙulle a leda, ya bar ledar a aljihun babbar riga har sai da ya sami zuwa. Da aka kwance, farin fumfuna ya rufe su. Rekiya ta ɗaga ledar sama ta kira maƙwabta su zo su ga aikin babban manomin Zurmi.

"Iri numfashi shikai," ta ce masa. "Ka bari rana ta ɗaga, raɓa ta bushe. Ka shanya inuwa, ba rana ba. Ka ƙunsa takarda ko tsumma. Saura kai nawa?"

"Kaɗan," ya ce a sanyaye.

"To ka yi ta addu'a."

Na ƙarshen ya zo da su a ƙunshe cikin sabon ƙyalle, ya miƙa da hannu biyu kamar mai kai gaisuwar surukai. Ta baza a faifai, ta tona, ta shinshina, ta tauna ɗaya tana kallonsa. Ta ja masa rai da gangan, sai da gumi ya keto masa. Sannan ta ce a kawo wa baƙo ruwa.

Tun daga shekarar ba ta ƙara tara irinta wuri ɗaya ba. Ta rarraba wa matan unguwa, ta tsaya a kansu sai da kowace ta koyi ajiyewa. Nata kuma ta ɓoye inda ita kaɗai ta sani. Tsohuwar gorar ta mayar da ita rufin madafa, cike da dakakken barkono mai laushi, tana jiran Dalhatu. Mudi ne ya faɗa tarkon, yana neman ƙusa. Ya yi atishawa har rawaninsa ya warware.

Shekaru suka tura. 'Ya'yansu suka yi aure suka watse, gwiwoyin Rekiya suka fara ciwo, furfura ta fito mata a goshi. Sai kuma ƙasa ta rikice, fita bayan gari ta zama sai da shahada. Lambun bakin gulbi ya gagari zuwa, Dalhatu ya jure iya jurewa, daga baya ya kwaso matarsa Saliha da 'yan komatsansu suka dawo Ƙaura. Mudi ya ba su sashe ɗaya na gidan.

Mutumin da ya iso ba Dalhatun da aka sani ba ne. Ya rame, ya yi shiru. Yakan zauna a kan turmi ya zuba wa hannayensa ido. Rekiya ta kira shi Sarkin Albasa, ya amsa da na'am kamar sunan yanka. Ta tsokane shi kan tafiyarsa, kan cin tuwonsa, ya ce haka ne. Saliha ta ce ko da dare ba ya minshari kamar da. Rekiya ta yi kwanaki tana kallonsa ta wutsiyar ido, fuskarta na ƙara yin lumui.

Wata safiya aka gayyaci mazan gidan ɗaurin aure a cikin gari. Dalhatu ya sa wankakkiyar riga, ya ajiye hularsa a kan taga ya sunkuya ɗaura takalmi. Rekiya ta zo wucewa da tsintsiya, ta zaɓi fure mafi girma a tsakar gidan, ta soke shi da allura a ƙeyar hular, ta ci gaba da shara. Ya ɗauka ta gaba ya kafa a kai. Mudi na biye da shi a baya, ya ga abin da ke lilo a ƙeyar ƙanensa, ya buɗe baki, ya waiwayo ya haɗa ido da matarsa, ya rufe.

Tun daga bakin lungu aka fara. Masu Keke Napep na danna masa oda suna ɗaga hannu. Mai shayi ya ce, "Ango, ka sha ƙamshi!" A wajen ɗaurin auren dattawa suka riƙa miƙo masa hannu suna tambaya ko shi ne mai ƙarin auren, me ya sa aka ɓoye musu. Yana ta rantsuwa ba shi ba ne, suna ta sunkuyar da kai kafaɗu na rawa. Sai da aka shafa fatiha wani tsoho ya tausaya masa, ya ce ya cire hularsa ya duba.

Tun daga zaure aka jiyo muryarsa. "Ina take? Ina Ta-Dauran? Wallahi yau sai an raba mu! Da hurhurata, gaban mutane, ki maishe ni ɗan daudun biki?"

Rekiya na zaune tana tsince wake. Ta ɗago a natse. "Lahiya, Sarkin Albasa? An ɗaura?"

Ya yi ta faɗa yana nuna ta da hular, furen na rawa a jiki. Ya tono laifinta tun na ranar da aka kawo ta gidan. Saliha ta shige ɗaki ta cusa fuska a matashi. Da ya gaji ya nemi abinci, ya cinye kwano guda ya ce a ƙaro.

Washegari da hantsi Rekiya ta fito za ta shiga maƙwabta, ta zura ƙafa a takalminta na roba mai rufi, ta taka wani abu mai sanyi, mai laushi, mai motsi. Ta ƙwala ihu ta yi wurgi da takalmin, wani ƙaton kwaɗo ya faɗo ya yi tsalle ya shige tsakanin tukwanen fure. Daga bayan zanar sashen Dalhatu wata irin dariya ta tashi, har da tari da buga cinya.

Ta tsaya da ƙafa ɗaya tana haki, ta dafa katanga. Sannan ta ɗaga murya ta ce wa Saliha, in mijinta ya gama, ta tambaye shi ko zai sha kunu, yanzu za ta dama masa da hannunta.